Wane ƙauye za ka sauka a bakin Kogin Mosel? Ni dai Beilstein

Duk shekara idan kaka ta kama a nan Jamus, daga Satumba zuwa Oktoba, sai 'yan uwa ɗalibai da masu zuwa kwas su dame ni da tambaya ɗaya: ina za mu je mu ga ƙauyen Jamusawa na asali? Amsata ba ta canjawa, Kogin Mosel ne, tsakanin Koblenz da Trier. Sai dai ƙauyukan suna da yawa, a hoto kuma duk kamarsu ɗaya: gidaje masu katako a giciye jikin bango, coci, kangon fada a bisa tudu, gonakin inabi sun lulluɓe tsauni. Sai ka biya kuɗin masauki kafin ka gane bambancinsu.

Na san wani zai ce me ya kai Musulmi garin masu giya. Gaskiya ne, yawancin inabin nan giya ake yi da shi tun zamanin Rumawa. Amma ni kallon noma da gini ke kai ni, kuma zan faɗa maka inda tarkon yake, don na taɓa faɗawa ciki.

Mu fara sallamar waɗanda ba su ci ba. Rüdesheim, wanda kowa ke ambata, ba ma a Mosel yake ba, a bakin Kogin Rhein yake, kuma lungunsa da ake zuzutawa, Drosselgasse, mita 144 ne kacal cike da mashaya da masu sayar da tsaraba. Cochem gari ne, ba ƙauye ba. Fadarsa kyakkyawa ce, amma wani attajirin Berlin, Louis Ravené, ya sake gina ta daga 1868 zuwa 1877 yadda ransa ya so. Amfanin Cochem a wurina tashar jirgin ƙasa ce da kanti. A Neumagen-Dhron za a nuna maka jirgin ruwan Rumawa da aka sassaƙa da dutse, ɗauke da ganguna. Kwafi ne, na ainihin yana gidan tarihi a Trier.

Bremm kaɗai ya ɗan ja da zaɓina. Can ne tsaunin Calmont yake, inda gangaren gona ke kaiwa digiri 65, manomi na aiki kamar ƙadangare a bango, ana jan kaya da wani ɗan keke mai inji da ke bin dogo guda ɗaya. Idan kai matashi ne mai ƙafa, ka sauka a tashar Ediger-Eller ka bi hanyar da aka kafa wa tsani da igiyoyin ƙarfe. Idan da Hajiya ko yara kake tafe, ko kana da jiri, manta da shi.

Beilstein kuwa mutanensa ba su kai 150 ba. Jamusawa na yi masa laƙabi da gimbiyar tatsuniyarsu wadda ta yi barcin shekara ɗari, don kamar zamani ya wuce ya bar shi yadda yake. Amma ƙaramin nan da kake gani ya taɓa zama birni: a 1309 Sarki Heinrich na Bakwai ya ba shi wannan matsayi, aka yi masa ganuwa, Yahudawa kuma suka zauna a ciki tun lokacin. Har yanzu ginin tsohon wurin ibadarsu yana nan, maƙabartarsu kuma tana can sama bayan kangon fadar garin, wuri mai shiru da baƙi kaɗan ke kaiwa. Fadar ta koma hannun zuriyar Metternich a ƙarni na 17, sojojin Faransa suka rushe ta a 1689, ba a kuma sake gina ta ba. Daga wannan zuriya ne Klemens von Metternich ya fito, wanda daga baya ya juya siyasar Turai daga Ostiriya. Abin da ya sa na fifita wannan kango a kan fadar Cochem ke nan: ba wanda ya yi masa kwalliya.

Daga dandalin kasuwa, wanda bai fi tsakar gidan wani babban gida ba, akwai matakala 108 zuwa cocin da ke sama. A ciki akwai baƙin mutum-mutumin Maryamu da aka ce sojojin Sifaniya suka bari a lokacin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza a Turai a ƙarni na 17. Ko ba ka shiga ba, ka hau don kallon kogi. Ka lura da ƙasar gonakin a hanya: ba ƙasa ba ce sosai, wani baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, yana shan zafin rana ya riƙe wa inabi har dare. Da shi suke rufin ɗaki ma.

Aibinsa? Ba jirgin ƙasa. Daga Cochem sai bas, ko jirgin ruwa mai ɗaukar kamar awa guda, yana tsayawa a madatsar Fankel a ɗaga shi sama. Daga hantsi zuwa la'asar masu yawon buɗe ido kan cika lungunan, shi ya sa nake cewa ka kwana. Da jirgin ƙarshe ya tafi, garin ya zama naka. Da hunturu kuwa galibin wurare a rufe suke.

Yanzu ga tarkon. Zuwana na farko, na ga wata kwalba a bakin hanya, ruwan ciki fari-fari mai duhu kamar kunun zaƙi, an rubuta Federweißer. Na tambayi mai sayarwa ko ruwan inabi ne, ya ce eh, sabo ne ma. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Abin nan ruwan inabi ne da ya riga ya fara tsima, barasarsa na farawa daga wajen kashi huɗu cikin ɗari, tana ƙaruwa kullum. Allah Ya rufa asiri ban sha ba: murfinsa ba a ɗaure yake ba, don iska ta riƙa fita, na kwantar da shi a jaka ya jiƙe min kaya, warin ne ya tona shi. Kwalbar da aka ce kada ka kwantar, ka bar musu abinsu. Wainar albasar da ake haɗa shi da ita, Zwiebelkuchen, ita ma galibi da naman alade a ciki.

Kalmar da za ka nema ita ce Traubensaft, ruwan inabi zalla. Secco giya ce. Traubensecco kan zama ruwan inabi mai gas, amma ka karanta bayan kwalba. Giyar da aka rubuta wa alkoholfrei doka ta yarda ta ƙunshi har rabin kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Miyar da ka ga Riesling a sunanta, da giya aka dafa ta. Hatta jan ɗan itacen nan da suke shukawa tsakanin inabi, Weinbergpfirsich, ana yin jam da shi ana kuma yin barasa, a jera su kan kanta ɗaya cikin kwalabe masu ado iri ɗaya.

Masauki ma da nasa. Na taɓa biyan ƙari don an rubuta Moselblick, wato ɗaki mai kallon kogi, na tarar sai na leƙa da rabin jikina ta taga kafin in hango ruwa bayan wurin ajiye motoci. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga tagar ɗakin da za a ba ka, ka kuma tambaya ko harajin baƙi yana cikin farashi. Tikitin wata na Deutschlandticket yana aiki a bas da ƙananan jiragen ƙasa, ban da manyan jiragen ƙasa na dogon zango irin su ICE da jiragen ruwa na yawo, kuma yana sabunta kansa idan ba ka soke shi kafin 10 ga wata ba. Ka saya daga kamfanin sufuri kai tsaye, ba wurin masu tallar rangwame a intanet ba.

Ka riƙe tsabar kuɗi, ka yi cefane a Cochem ranar Asabar don Lahadi kantuna a kulle suke. Idan ɗakunan Beilstein sun cika, duba tsallaken kogi a Ellenz-Poltersdorf. Akwai ɗan jirgin fito tsakaninsu, kuma daga can ne ake ganin ƙauyen gaba ɗaya, da cocinsa da kangonsa. Ka dai tambayi mai fito ƙarfe nawa yake tashi aiki kafin ka haye.