Kafin ka sayi labarin mace biyu a zamani biyu

Akwai salon ƙagaggen labari da ake raba shi gida biyu: wata mace ta yau tana bin sawun wata ta da can wadda tarihi ya binne sunanta, babi ɗaya a zamaninmu, na gaba a zamanin kakanni. Mai neman irinsa a Damagaram, wato Zinder, zai iya samunsa ta hanya uku, kuma kowace da ribarta da hasararta.

Na farko su ne na Faransanci, waɗanda galibi marubutan Turai da Amurka suka rubuta. Ƙarfinsu yana wajen tsari, domin suna sakin sirrin kaɗan-kaɗan har mai karatu ya kasa ajiye littafin. Sai dai suna da tsada, kuma mabuɗin sirrin kusan kullum wasiƙa ce ko kundin sirri da aka tsinta a tsohon akwati. Wanda ya tashi a unguwar Birni, tsohon garin Damagaram, ya san cewa kakanninmu mata ba su cika barin irin wannan takarda ba. Abin da suka bari shi ne waƙar niƙa, da kirari, da tasoshin aure da aka jera a ɗaki, da sunan da wata tsohuwa take ambata sau ɗaya sannan ta yi shiru. Littafin Hausa da ya gina bincikensa a kan waɗannan ya fi kusa da gaskiyarmu.

Na biyu su ne bugaggun littattafan Hausa da ke zuwa daga Kano. Suna da araha, harshensu kuma yana da daɗi, amma sau da yawa soyayya takan haɗiye binciken, har a manta da matar da aka fita nema. Tunda akan buga su kashi-kashi, ka tambayi mai sayarwa ko na ƙarshe ya fito kafin ka ba da kuɗinka.

Na uku su ne waɗanda ake biya a karanta a WhatsApp. Ana ba da shafukan farko kyauta, wanda alheri ne, amma labarin zamani biyu ba ya jure karatun tsinci-tsinci, kuma ni kaina na taɓa biyan wanda marubuciyarsa ta bari a tsakiya.

Ko wanne ka ɗauka, buɗe babin zamanin yau tukuna, domin a nan raunin yake ɓuya. Marubuta kan zuba basirarsu a kan matar da, su bar ta yau ba ta da aiki sai buɗe akwati da kuka. Bayan haka ka auna babin da da tarihin da ka sani. Faransawa sun ci Zinder a 1899, shekarar da Sarauniya Mangu ta yi tsayayya da su a Lugu, kuma garin Zinder ya riƙe matsayin babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Idan kuyangar fadar Sarkin Damagaram Tanimun tana magana kamar ɗalibar jami'a, marubucin bai yi aikinsa ba.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da bugun Kano wanda ya kammala fitowa, ya ari na Faransanci a wajen aboki, ya kuma jira na waya har sai an rubuta babinsa na ƙarshe.