Na'urar suya da iska: abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

Tun da kamfanin Philips ya fito da ita a bajekolin kayan lantarki na birnin Berlin a shekarar 2010, na'urar suya da iska, wadda aka fi sani da eya firaya, ta shiga ɗakunan girki da dama, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta matuƙar mai saye ya san ainihin abin da yake saye. Ƙaramin murhun gashi ce mai aiki da lantarki. A samanta akwai ƙarfen da ke ɗaukar zafi, tare da fanka mai ƙarfi da ke kaɗa iskar, wadda kan kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ta zagaye abincin da ke cikin kwando.

Inda ta fi burge ni shi ne gashin kaza. Idan aka jera cinyoyi ba tare da sun hau juna ba, cikin kimanin minti 25 fatar takan yi ja ta yi ƙaras-ƙaras, kitsen ya tsiyaye zuwa ƙasan tukunyar, tsokar kuma ba ta bushe ba. Yankakken dankali ma cokali ɗaya na mai ya ishe shi, amma sai an jiƙa shi a ruwa an tsane shi sarai da kyalle, sannan a girgiza kwandon idan girki ya kai rabi. Duk da haka, ɗanɗanonsa bai kai na wanda aka tsoma a tafasasshen mai ba, kuma gara a faɗa wa mai saye gaskiya. Abin da aka tsoma a ƙullu mai ruwa kuwa ba ya yiwuwa, domin ƙullun zai ɗige kafin ya kama jiki.

Babban abin dubawa wajen saye shi ne girma. Mai lita 2 ko 3 ta mutum ɗaya ce ko biyu, iyali kuwa sai mai lita 5 zuwa sama, saboda da zarar an cika kwandon maƙil iska ba ta samun hanya, abinci ya koma kamar turarawa aka yi. Yawancinsu suna jan wuta tsakanin wat 1,200 zuwa 1,800, don haka a ba ta soket nata ita kaɗai, a kuma janye ta daga bango domin zafin da take fitarwa ta baya. Fankar tana da ƙara, amma ana sabawa.

Shafen da ke hana abinci kamawa a kwandon shi ne ya fi saurin lalacewa. Kada cokalin ƙarfe ko soson waya ya taɓa shi. Ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar, kuma a wanke bayan kowane girki, domin kitsen da ya kwana a ƙasa shi ke tayar da hayaƙi a girki na gaba.