Eriyar waje a motar tafi-da-gidanka: wata huɗu ina kafawa ina saukewa

Motarmu, irin mai ɗakin kwana a ciki, ta zo da eriyar talabijin ɗinta a kan rufi, irin zagayayyiyar nan da aka ce tana kamo sigina ta kowace fuska. Kusa da gari ba ta da laifi. To amma wa ke sayen motar tafi-da-gidanka don ya kwana a bakin gari? Da mun yi nisa, ko mun sauka a kwari, sai hoto ya riƙa daskarewa yana farfashewa, can ya ɗauke ɗungurungum. Halin talabijin na dijital ke nan. Babu yayyafin nan na da da ake lallaɓawa a kalla a haka, ko ya kawo tas ko ya hana.

Shi ya sa na sayi eriya mai haƙarƙari irin ta kan gidaje, wadda ake juya wa fuska wajen tashar da ke watsa shirye-shirye, na haɗa da sanda mai zugewa ta mita 5 da wayar eriya mai kauri, samfurin RG-6, mita 10.

Ranar farko na sha wuya, kuma ba laifin eriyar ba ne. A jikin motar daga waje akwai kafar da aka tanada don kebul ɗin talabijin na wuraren da ake yada zango. Nan na ɗaura wayar, na sa talabijin ya lalubo tashoshi, ya kawo min waɗanda na saba gani, babu ƙari ko ɗaya. Na kwance, na sake ɗaurawa, na canja waya, har na fara zargin jabu aka sayar min. Ashe ɗan maɓallin da ke bango bayan talabijin, mai koriyar fitila, shi ne duk matsalar. Idan yana kunne, wutar bolt 12 yake turawa zuwa bustar eriyar rufi, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, talabijin kuma eriyar rufin kaɗai yake gani. Sai an kashe shi hanyar kafar waje take buɗewa. Bayan haka a cikin saitin talabijin dole a bar shi a kan eriya, kada a mayar da shi kebul don kawai wayar ta shigo ta kafar kebul. Takardar da ta zo cikin kwalin ko alamar wannan ba ta yi ba, kuma a nan na rage mata maki.

Da na gane, bambancin ya fito fili. Wurin da eriyar rufi ke kamo tasha biyu ko uku da ƙyar, wannan ta cika min jerin, hoto ba ya ko motsi. Abin da na lura, tsawo ya fi komai aiki. Na gwada ta a rabin sanda, na gwada a ƙarshenta, kamar ba eriya ɗaya ba. Busta kuwa ba ta ƙirƙiro siginar da babu ita, abin da ta samu take kumburawa har da hayaniyar. Kusa da tashar watsawa ma ɓata hoton take yi.

Waya ma kada a raina ta. Ina da tsohuwar waya siririya, samfurin RG-59, a ajiye, amma ta fi RG-6 zubar da sigina a UHF, wato zangon da yawancin tashoshin dijital ke watsawa. Kan wayar mai zare, wanda ake kira F, a ɗaure shi da kyau a naɗe da tef, don in ruwa ya shiga aiki ya lalace a hankali. Na kuma cire abin raba waya gida biyu da na tarar, tunda talabijin ɗaya gare mu, shi kuwa fiye da rabin siginar yake ragewa kowane ɓangare.

Wahalar eriyar ita ce kullum sabon aiki ne. Duk inda aka tsaya sai an kafa sanda, an nemo fuska, an sake laluben tashoshi. Ni ina waje ina juyawa, uwargida na ciki tana kallon ma'aunin sigina tana cewa, "Maigida, tsaya nan! A'a, ka wuce, dawo kaɗan." Sai an juya sannu-sannu, don hoton dijital yana ɗan jinkiri kafin ya amsa. Akwai wuraren da sai na kwantar da haƙarƙarin ko na tsayar da su, gwargwadon yadda tashar ke watsawa. Eriyoyin gidajen da ke kusa nake kallo in kwaikwaya. Wani dare kuma hoto ya yi ta tsinkewa, ashe wata fitilar LED mai arha ce da ke kusa da wayar.

Kafin in zuge sandar sai na ɗaga kai na duba ko akwai wayar lantarki a sama, kuma da hadari ya haɗo nake sauke ta. Iska mai ƙarfi tana juya ta in ba a matse ƙullin sosai ba.

Idan kwana ɗaya za mu yi, ba na ma fito da sabuwar eriyar daga ma'ajiya, ta rufin ta ishe mu jin labarai. Daga kwana uku zuwa sama kuwa, sabuwar nake fara kafawa kafin in fito da kujeru.