Zama takwas a ajin koyon rubutun labari na unguwar Ali Ɗan Sofo

Shekara uku ke nan ina rubuta gajerun labarai a wayata ina tura su zaurukan WhatsApp, ƙawaye suna yabawa, amma duk labarin da na koma na karanta bayan wata guda sai in ji shi lami, ba gishiri. Wannan damuwar ce ta kai ni ajin da wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yake buɗewa kowace Asabar daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, a wani ɗakin karatu da ya ara a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi. Kuɗin shiga jika 10 ne na sefa, zama takwas, kuma a cikin kuɗin har da karanta labari ɗaya na kowane ɗalibi a gyara shi da jan biro. Na kammala a watan jiya, kuma ina ganin kuɗina bai tafi a banza ba, ko da yake akwai wurin da ni da Malam ba mu daidaita ba har yau.

Ranar farko bai ce mu rubuta komai ba. Ya ce kowa ya kawo tatsuniyar da ya fi tunawa daga bakin kakarsa, sa'annan ya tambaye mu abin da ke biyo bayan "ga ta nan ga ta nanku". Da muka duba, sai muka ga kusan ko yaushe matsala ce ke biyowa nan take: ana yunwa Gizo ba shi da ko ƙwayar hatsi, ko kishiya ta aiki marainiya rafi da dare. Tsohuwa ba ta ɓata lokaci wajen siffanta ɗakin Ƙoƙi, domin ta san in ta daɗe yara za su yi barci. Daga nan ya ɗauko shafukan farko na labaranmu, inda mafi yawanmu muka cika su da bayanin katafaren gida, da motoci, da tsawon gashin yarinya, ya nuna mana cewa har ƙarshen shafi na biyu ba a san abin da tauraruwar take nema ba, balle abin da ya tare mata hanya. Ya tunatar da mu cewa marubutan da suka shiga gasar Zariya ta 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a rubutun boko, sun ɗebo da yawa daga dabarunsu a wajen masu ba da labari da baki.

Labarin da na kai masa a Abuja na kafa shi, garin da ban taɓa sa ƙafa ba. Ya karanta ya ce, "Ɗiyata, kin san kuɗin kabu-kabu daga gidan yarinyar nan zuwa kasuwa?" Na ce ban sani ba, Malam. Ya ce to in maido ta inda na san kuɗin komai. Na maido labarin Maradi, na mai da mijin ɗan kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wanda jarinsa ya karye lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019. Nan da nan abubuwan da a da nake ƙirƙiro su da ƙyar suka riƙa zuwa da kansu, domin na ga maƙwabtanmu a wancan lokacin, na san abin da mace take fara sayarwa cikin kayan ɗakinta da abin da take riƙewa har sai wuya ta kai wuya.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na zama na huɗu, kan yadda ake nuna abin da ke zuciyar mutum ba tare da marubuci ya faɗa da bakinsa ba. A labarina na rubuta cewa uwar tana matuƙar son ɗanta na fari, na maimaita hakan har sau uku da kalmomi daban-daban. Malam ya soke duka ukun. Ya ce Bahaushiya irin wannan ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma yawan kallonsa, saboda haka duk mai karatun da ya tashi a ƙasar Hausa zai ji ƙarya idan aka sa ta tana zuba kalaman ƙauna. Shawararsa ita ce in bar ta da alkunyarta tun daga farko, tana cewa "yaron nan" ko "wancan", tana ajiye masa tuwo a rufe ba tare da ta ce na wane ne ba, sai a ranar da aka kawo labarin haɗarin mota a hanya, a nan kaɗai sunansa zai kuɓuce daga bakinta. Na gyara haka, kuma da aka karanta wurin a aji wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta share hawaye da gefen hijabinta. Abin da na gane shi ne kunya da kawaici, waɗanda a da nake ɗauka suna takura marubuci, su ne suke ba shiru nauyi a labarin Bahaushe.

Karatun a bayyane shi ne ƙashin bayan ajin. Ba marubuci ke karanta nasa ba, wani ake ba, shi kuma yana zaune yana jin inda mai karatun ya yi tuntuɓe da inda hankalin ƴan aji ya koma kan waya. Akwai kuma aikin gida mai kyau da ya ba mu kan ambaliyar gulbin Maradi ta 1945, wadda ta sa aka tashi daga tsohon gari aka hau tudu: kowa ya rubuta wannan ranar a shafi ɗaya ta idon mutum guda, ya zaɓi abu ɗaya tak da mutumin ya ɗauka. Game da karin magana, ƙa'idarsa ita ce a sa ta a bakin wanda ya isa ya faɗe ta, kada a jera uku a sakin layi guda, kuma yakan yanke wa'azin da muke liƙawa a ƙarshen labari ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Inda muka saɓa shi ne kan karin harshe. Malam mutum ne mai riƙo da daidaitacciyar Hausa, kuma a cikin bayanin marubuci na yarda da shi ɗari bisa ɗari, haka ma nacewarsa cewa mutum ya zaɓi ko dai ƴ irin ta rubutun Nijar ko ’y irin ta Najeriya ya tsaya a kan ɗaya. Amma har a cikin zancen taurari yana bi da jan biro yana mai da "mi" ta koma "me", "tahi" ta koma "tafi". Tsohuwar da ke cikin labarina ƴar Tibirin Gobir ce, kusa da Maradi, ba ta taɓa zama Kano ba, kuma da aka gyara mata baki sai ta daina zama kakar da na sani. Mutumin da ya ce in maido labarina gida bai kamata ya hana mutanen gidan magana da harshensu ba. Na faɗa masa haka cikin ladabi, ya ce yana tsoron kada masu karatu na nesa su ɗauka kuskure ne. Hujja ce, amma ba ta gamsar da ni ba, domin masu karatun Kano da Zariya suna fahimtar Katsinanci da Gobiranci sarai.

Akwai kuma ƙananan matsaloli na tsari. Mun haura mutum ashirin, don haka wasu ba a karanta nasu a aji ba sai a zaman ƙarshe, cikin gaggawa. Malam ba ya karatu a waya, dole ne a buga labari a takarda, wanda ƙarin kuɗi ne da ba a faɗa mana tun farko ba, kuma nawa ya yi mako uku a hannunsa kafin ya dawo. Ba a taɓo batun wallafa littafi ko kaɗan ba, kuma mata da dama da suka zo da niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, sun so a ware zama ɗaya kan yadda ake matse labari ya tsaya cikin adadin kalmomin da aka ƙayyade, amma lokaci bai bari ba.

Wanda yake neman a yaba masa, ko yake son a nuna masa hanyar sayar da littafi, wannan ajin ba nasa ba ne. Wanda kuwa yake da labari a hannu, kuma zai iya jure ganin an soke rabin shafinsa a gaban jama'a, ina ba shi shawara ya je, ya riƙe bugaggen labarinsa tun ranar farko domin ya shiga layin karatu da wuri. Ni dai na sake ba da sunana a zagaye na gaba, kuma labarin da zan kai tsohuwar Tibiri ce ke ba da shi da bakinta tun daga farko har ƙarshe.