Shagon Dikoda da Ya Warware Mana Ruɗanin Komawa Dijital a Kaduna

A watan Disamba na shekarar 2017 aka ƙaddamar da tsarin talabijin na dijital a Kaduna, kuma ba a daɗe ba mahaifina ya kira ni a waya hankalinsa a tashe, yana cewa ya ji za a rufe tsohon tsari na analog, akwatin talabijin ɗinsa kuma zai tashi daga aiki. Akwatin irin na dā ne mai ƙaton baya, wanda ya fi shekara goma a ɗakinsa, kuma abin da yake nema a cikinsa bai wuce labaran ƙarfe tara na NTA da shirye-shiryen Hausa da tafsirin watan azumi ba.

Kafin in isa gida, maƙwabta sun riga sun cika masa kunne. Wani ya ce dole ya sayi sabon talabijin na bango, wani ya ce sai ya shiga kebul yana biyan kuɗi duk wata, wani kuma ya ce ya kafa farantin kama tauraron ɗan'adam a kan rufi ya huta. Kowannensu da zuciya ɗaya ya ba da shawarar, sai dai kowa abin da ke ɗakinsa yake kwatantawa. A ganina tushen ruɗanin shi ne yadda muke kiran abubuwa mabambanta da suna ɗaya: duk ƙaramin akwatin da aka ajiye a gefen talabijin dikoda ne a bakinmu, duk tashar da ba ta gida ba kuma kebul ce, ko da kuwa babu wata waya da aka ja daga kamfani zuwa gidan.

Shagon farko da muka shiga a kasuwa, tun kafin mu gama bayani yaron shagon ya fara sauke mana talabijin na bango yana faɗin farashi. Muka yi masa godiya muka fita. Shago na biyu, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, ɗan ƙarami ne a wani layi da ke kusa da titin Ahmadu Bello, cike da eriya da rimot da nannaɗen waya, babu wurin zama sai benci ɗaya. Mai shagon ya tashi ya ba mahaifina wurin, ya gaishe shi, sannan ya ce: "Baba, kafin mu yi maganar saye, me kuke kallo da shi yanzu? Eriya ce a kan gora, ko faranti, ko kuwa kuna sa kati duk wata?" Wannan tambaya ita ce mafi darajar abin da muka samu a shagon, domin amsarta ce ke nuna wanda sauyin ya shafa da wanda bai shafa ba.

Ya yi bayanin dalla-dalla cikin Hausa, ba tare da gaggawa ba. Wanda yake biyan kuɗin wata a DStv ko GOtv ko StarTimes ya riga ya daɗe a kan dijital, saboda haka babu abin da zai saya ko ya canza. Wanda yake da faranti yana kama tashoshin kyauta irin su Arewa24 daga tauraron ɗan'adam, shi ma maganar ba tasa ba ce, tunda hotonsa ba daga turken watsa shirye-shirye da ke cikin gari yake zuwa ba. Wanda abin ya shafa shi ne mai eriya zalla, irin mahaifina, kuma shi ma ba sabon talabijin yake buƙata ba, ƙaramin akwati ne kawai da zai karɓi sigina na dijital ya mayar da shi hoton da tsohon talabijin zai iya nunawa ta wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya. Ya ƙara da cewa kasancewar talabijin na bango ba ya nufin zai kama sabon tsarin da kansa, domin da yawa daga cikinsu ba su da na'urar kama siginar dijital ta DVB-T2, irin wadda ake amfani da ita a Najeriya. Na yi tunanin mutanen da suka sayar da akuya ko suka ci bashi don sayen na bango, suka koma gida suka tarar har yanzu suna buƙatar akwatin, kuma abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Ba laifin jama'a ba ne da suka rikice. Tun a shekarar 2006 ƙasashe suka amince a birnin Janiba, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa yankin da ya haɗa da Afirka zai bar analog zuwa ranar 17 ga Yuni, 2015. Najeriya ba ta cika wannan wa'adi ba, sai a watan Afrilun 2016 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta fara da Jos, Abuja ta biyo baya a Disambar wannan shekara, Ilori da Kaduna kuma suka shigo bayan shekara guda. Idan aka shafe shekaru ana sa rana ana ɗagawa, dole wasu su daina yarda da maganar gaba ɗaya, wasu kuma su firgita da zarar sun ji an ce an ƙaddamar, suna zaton a daren nan hoto zai ɗauke. Mai shagon ya kunna wani tsohon talabijin a gabanmu ya nuna mana cewa tashoshin analog na nan suna zuwa, don haka babu dalilin saye cikin firgici.

Abu na biyu da na yaba masa shi ne maganar kuɗi. Sunan tsarin FreeTV ne, wato talabijin na kyauta, kuma sunan ya sa mutane da yawa sun ɗauka babu ko kwabo bayan sayen akwati. Tun kafin mu biya ya gaya wa mahaifina cewa babu kuɗin wata, amma akwai naira 1,000 da ake biya sau ɗaya a shekara a wancan lokacin, kuma sai an yi wa akwatin rajista kafin tashoshi su buɗe. A wurin ya yi mana rajistar, bai karɓi ladan yinta ba.

Washegari yaronsa ya zo gida ya haɗa. Da farko hoton yana tsayawa cak, ya farfashe, sannan ya ɗauke ɗungurungum, har mahaifina ya fara cewa an sayar masa da mai matsala. Yaron ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, akwatin lafiyarsa ƙalau, eriyar ce ba ta fuskantar turke." Gaskiyarsa ne, domin analog yakan ba mutum hoto mai yayyafi idan sigina ya yi rauni, shi kuwa dijital ko dai ya fito tar ko ya ƙi fitowa. Da ya ƙara wa gorar tsayi ya juya eriyar, tashoshi suka fito da yawa fiye da waɗanda aka saba gani a gidan, kuma muryar ta fi ta dā fita sosai.

Shagon yana da nasa aibun, kuma ba zan ɓoye ba. An ce yaron zai zo da hantsi, bai iso ba sai bayan la'asar, kuma babu wanda ya kira ya ba da haƙuri. Wayar eriyar da suka sa siririya ce, ba ta kai ƙarshen damina ba ruwa ya shige ta, sai da na saya mai kauri a wani wurin. Ba su ba mu rasit ba sai da na nema har sau biyu. Wanda ya fi damuna shi ne duk wannan kyakkyawan bayani a bakin mai shagon kaɗai yake: ranar da na koma sayen rimot ban same shi ba, na ji yaransa suna ce wa wata baiwar Allah mai faranti ita ma ta sayi akwatin, alhali ba ta da buƙatarsa, sai da na sa baki. Da zai sa a rubuta bambancin nan guda uku da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar shago, da ya rufe wannan ɓaraka.

Duk da haka na tura ƙanwar mahaifiyata wurinsa, na kuma ce mata ta tabbatar shi da kansa ta samu. Ta je da niyyar sayen akwati, ya tambaye ta abin da take kallo da shi, da ta ce tana sa kati duk wata ya ce mata: "Hajiya, ki mayar da kuɗinki jaka, naki ya riga ya zama dijital."