Kakar 2023 ta gasar IFL: na kalle ta, kuma ban yi asarar datata ba

Duk wanda yake son fahimtar ƙwallon Amurka, wannan da ake jefawa da hannu ana kokawa a kansa, shawarata ita ce ya fara da wanda ake bugawa a cikin rufaffen zaure kafin ya nufi babbar gasar NFL. Na faɗi haka ne bayan na bi kakar 2023 ta gasar IFL (Indoor Football League), wato gasar wannan wasa na cikin zaure, a shafinsu na YouTube, inda suka riƙa nuna wasannin kakar kyauta, daga watan Maris har aka kai wasan ƙarshe a watan Agusta.

Ƙungiyoyi 14 ne suka fafata, bakwai a rukunin gabas, bakwai a na yamma. Filin ƙarami ne, tsawonsa yadi 50, rabin na NFL ke nan, faɗinsa kuma ƙafa 85. Mutum takwas-takwas ake sakawa maimakon 11. An kewaye filin da gajeren bango mai laushin katifa, 'yan kallo na zaune a bayansa dab da 'yan wasa, kamar yadda jama'a ke matsowa a filin dambe har suna jin hucin 'yan damben. Wannan ƙanƙantar ita ce ta taimake ni. A NFL mutum 22 ne ke watsewa lokaci guda, baƙon ido bai san wanda zai bi ba. A nan kuwa kyamara ɗaya tana ɗauke kusan kowa, sai ka ga dabarar tun daga tushenta: wa ya tare wa, wa ya sulale, ina mai jefa ƙwallon ya sa ido.

Dokar da ke riƙe da wasan mai sauƙi ce. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10 gaba, in ta ci a sabunta mata. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya samu maki 6, bugun da ke biyo baya maki 1, bugun tsakanin sanduna daga fili kuma maki 3. Babu dokar da ta ba ka damar doka ƙwallo can nesa don ka rabu da shi idan ka ga za ka gaza, kamar yadda ake yi a babban fili. Dole ka gwada ci ko ka nemi sanduna, su kuma sandunan an matse su sosai. Abin da ya fi burge ni shi ne ana barin mai karɓar ƙwallo ya taso a guje daga baya tun kafin a saki ƙwallon, ya iso layi yana kan ganiyar gudunsa. Mai tsaron da aka bar shi da irin wannan mutum shi kaɗai, wallahi yana ba ni tausayi.

Labarin kakar dai na Bay Area Panthers ne, ƙungiyar birnin San Jose a Kalifoniya, wadda tsohon tauraron NFL Marshawn Lynch yake cikin masu ita a lokacin. A 2022 wasa ɗaya tak suka ci, aka doke su sau 15. Shekara ɗaya bayan haka su ne suka ɗaga kofi. Ranar 5 ga Agusta a garin Henderson na jihar Nevada suka doke Sioux Falls Storm da ci 51 da 41, Dalton Sneed yana jefa musu ƙwallo. Kuma ba kanwar lasa suka kayar ba. Storm ce ƙungiyar da ta fi kowace cin wannan kofi, sau bakwai, shida daga ciki a jere daga 2011 zuwa 2016, duk a hannun koci Kurtiss Riggs. Ni da na fara kallo ba ni da ƙungiya, tun tsakiyar kaka zuciyata ta karkata ga Panthers, saboda ana ganin yunwar nasara a jikinsu.

Wannan yunwar ce ma ta sa nake girmama gasar baki ɗaya. Yawancin 'yan wasan sun buga a jami'o'i, NFL ba ta ɗauke su ba, ko ta gwada su ta sallama. Kuɗin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba, da yawansu suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Amma kowa ya san tarihin Kurt Warner, wanda ya buga irin wannan wasa na cikin zaure a Iowa Barnstormers, sannan ya koma St. Louis Rams ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, a farkon shekarar 2000. Za ka ga mutum ya daki bango da kafaɗa ya miƙe ya koma layi, don bai san wanda ke kallonsa a wannan daren ba.

Akwai abin da bai gamsar da ni ba. Maki suna yawa har su rage daraja. Wanda ya taso da kallon Firimiya, inda ƙwallo ɗaya ke ɗaga unguwa, zai ɗan daɗe kafin ya saba da wasan da ake tashi 50 da ɗoriya. Sai daga baya na gane cewa a nan abin murna shi ne ka hana abokin hamayya ci ko da sau biyu ne a wasa, don a nan ake raba gardama. Haka kuma harkar ba ta da tabbas. Tsohuwar gasar AFL (Arena Football League), wadda ta fara wannan salo a 1987, ta durƙushe a 2019, kuma ƙungiyoyi kan sauya gari ko su ɓace. Ita IFL tun 2009 take tafe, wanda a wannan fage ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun lokaci. Kalifoniya tana bayan Najeriya da awa takwas a wannan tsakanin, wasan ƙarfe shida na yammarsu ƙarfe biyun darenmu ne. Ban ga dalilin hana ido barci ba, tunda a lokacin ana ajiye wasannin a shafin. Nakan kalla washegari bayan la'asar, in rage ƙarfin hoton don data ta kai, in tsallake hutun rabin lokaci. Sharhin da Turanci ake yi, amma allon maki yana nuna dama ta nawa ake ciki da yadin da ya rage, kuma wannan ya wadatar ga mai koyo. Wanda zai gwada, ya nemi wasan Panthers da Arizona Rattlers na wannan kakar ya fara da shi.