Hunturun Winnipeg: abin da za a saya a nan da abin da za a taho da shi

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan Anti da yara suna lafiya. Ka tambaya ko ka shiga Ƙofar Wambai ka haɗo wa yara rigunan sanyi na gwanjo kafin ku taso. Ka bar kuɗinka a aljihu. Jaket ɗin da ke maganin hunturun Kano, a nan Winnipeg ta Kanada ta watan Oktoba ce. A Janairu ma'auni kan sauka ƙasa da sifili da 20 ko 30, idan iska ta taso jiki ya ji kamar 40. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyi da iska suka kai daga 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kuma mutanen nan ba sa kulle yara a ɗaki saboda haka. Makarantun birnin suna fitar da su wasa kullum, sai sanyi da iska sun kai 27 ko 28 ƙasa da sifili a bar su ciki. Motar makaranta kuwa in sun kai 45 ƙasa da sifili, fasa fitowa take yi.

Kuskuren da kusan kowane baƙo ke yi shi ne jibga wa yaro auduga: singileti, riga, suwaita, wata suwaitar. Yaro ya yi gudu ya yi gumi, auduga ta sha gumin ta riƙe, da ya tsaya sai ta huce a jikinsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Hawa uku ake yi. Na jikin fata ulu ko foliyesta mai ɗame jiki, riga da wando. Na tsakiya suwaita mai laushi. Na waje jaket da wandon dusar ƙanƙara masu tare iska da ruwa, na ƙananan yara mai igiyar kafaɗa don kada ƙugu ya buɗe. Safar hannu a sayi mai aljihu ɗaya wadda yatsu huɗu ke zama tare, ta fi mai yatsu biyar ɗumi nesa ba kusa ba, kuma a sayi biyu biyu, don ɗaya kullum tana shanya ko ta ɓata. Takalmi ya fi ƙafa da lamba ɗaya, da safa ɗaya ta ulu. Safa biyu a takalmi matsattse jini take tarewa, ƙafar ta fi yin sanyi.

Gwanjo a nan ma akwai, sai dai a kanti yake, a rataye, da farashi a jiki, babu "nawa za ka rage". Value Village ke nan. Sabo kuma Walmart, Costco ko Canadian Tire, kuma da rasit a hannu ana karɓar kayan da bai yi daidai ba, abin da ɗan kasuwar gida zai ce maka saye ya ƙare. Kada jaket ɗin kamfanin Canada Goose ta ruɗe ka, ta manya kan haura dala 1,000, ga shi yaro shekara ɗaya zai yi ya fi ƙarfinta. Iyalin da hannu bai kai ba, shirin Koats for Kids na raba kayan sanyin yara kyauta.

Abin da za ka taho da shi man kaɗanya ne, da yawa. Na'urar ɗumama gida tana busar da iska kamar hunturun Disamba a Kano, ga kaushi ga haɓo. A shafa bayan alwala, a tsane hannu da fuska sosai kafin a buɗe ƙofa.

Wurin wasa yawanci ba a biya. A The Forks, inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, ana share hanya a kan daskararren kogin mai tsawon kilomitoci, mutane na zamiya, wasu na tura keken jarirai. Takalmin zamiya kawai ake haya. Unguwanni suna da filin ƙanƙara da tudun sulu, inda faranti na roba ya ishi yaro wuni. Hular kwano dole, kuma a zauna ƙafa a gaba, ba a kife kai a gaba ba. A Fabrairu akwai bikin hunturu na Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface, shi da tikiti ake shiga.

Kamun kifi a kan tafkin Winnipeg shi ne abin da zai fi ba ka mamaki: a huda ƙanƙara da injin, a kafa tanti, a zura fatsa. Babba sai da lasisi, kuma dokar lardinmu na Manitoba ta hana ƙugiya mai ƙayar baya, sai an matse ta da filaya. Ƙa'idar Red Cross ta Kanada ita ce kaurin ƙanƙara santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taro, 25 ga babur ɗin ƙanƙara. Mai launin toka da ta kusa da gada ko inda ruwa ke gudu, ba a taka ta. Hitar gas a rufaffen tanti tana kisa ba wari ba hayaƙi, kamar janareta a ɗaki, don haka a bar tagar iska a buɗe.

Idan kunci ko kunnen yaro ya yi fari ya yi tauri, kada a murza, kada a kai shi gaban hita, fatar ba ta ji, za ta ƙone. Tafin hannu mai ɗumi ko ruwa mai ɗumi-ɗumi. In ya yi bororo, asibiti.

Saura mota. Kebul ɗin da za ka ga yana leƙowa daga gaban motoci na ɗumama inji ne, a jona shi awa uku zuwa huɗu kafin tafiya in sanyi ya yi tsanani, in ba haka ba mai ya yi kauri, batir ya kasa juya inji. Tayar hunturu hukumar inshorar lardin, MPI, tana ba da rancenta. Kuma a cire wa yaro jaket mai kumburi kafin a ɗaure shi a kujerarsa, don bel ba ya kama jiki ta kanta. A ɗaure, sannan a lulluɓa masa ita ta sama.